An Ɗaure Babur, An Manta Da Mai Babur

Da shugabannin zaure suka ce wannan makon ni ne da fili, na yi niyyar ci gaba da maganar ƙa'idojin rubutu da muka faro. To amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bara, ga shi kuma kaka ta yi, an fara kai amfanin gona gida, lokacin da samarinmu ke haɗa jaka su nufi Kudu ya zo. Don haka ku yi mini uzuri, yau maganar tirela da igiya da babur zan yi. A ƙarshe zan faɗi inda abin ya shafe mu, mu masu rubutu.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke bi na. Bara wani ɗan kasuwa ya ba shi sabon Boxer bisa sharaɗin ya riƙa biya duk mako har ya fanshe shi. Ya gwada acaɓa a nan gida, daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka, daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, ya ga abin da yake samu da ƙyar yake fitar da kuɗin mako, balle na mai da na cefane. Abokansa da ke jihar Ogun suka ce ya taho, can akwai aiki. Ranar tafiya Inna ta ce in raka shi in ga tashinsa. Bayan isha'i muka isa bakin babban titin Kano zuwa Kaduna, wajen Kwangila, inda wani ɗan kamasho ya ce ya samar masa mota.

Tirela ce ta hatsi, an loda buhuna har sun kusa kai bakin bodi. A saman buhunan aka jera babura, wannan jingine da wancan, an naɗe su da robar tsohon tub da wata igiyar leda da rana ta riga ta cinye. Na ƙirga babura goma sha ɗaya, na ƙanena ne na goma sha biyu. Mutum huɗu suka ɗaga shi sama da hannu, tankinsa cike da mai, domin yaron ya cika shi da yamma wai don kada ya sha tsadar mai a can. Sauran filin da ya rage tsakanin baburan da gefen bodi nan ne wurin zaman masu baburan.

Na ja shi gefe na ce, "Kai, wannan lodin bai yi ba. Ka bari mu nemi wata motar."

Ya ce, "Yaya, kowa haka yake tafiya. Kuɗin da ke hannuna iyakarsa kenan."

Yaron motar da ya ji mu ya yi dariya ya ce, "Malam ɗan boko, shekarata shida a wannan hanyar, ban taɓa yar da babur ba." Na yi shiru. Kunya ta hana ni ja da mutanen da na ga sun fi ni sanin hanya, kuma har yau shirun nan yana damuna.

Kwana biyu bayan haka aka kira ni da asuba. Tsakanin Mokwa da Jebba direba ya taka birki da ƙarfi saboda wata mota da ta lalace a kan hanya ba alama. Motar ba ta faɗi ba, ba ta kuma daki komai ba. Baburan ne suka zame gaba a tare, suka danne yaran da ke zaune a gabansu. Ƙanena ya karye a ƙwauri, wani yaro ya fasa kai, mai ya tsiyaye cikin buhuna. Allah Ya tsare babu wanda ke riƙe da taba a lokacin. Wata uku ya yi a kwance a ɗakin Inna, kuɗin mako kuwa bai daina taruwa ba.

Yaron motar bai yi ƙarya ba, babu babur ɗin da ya faɗo ƙasa. Abin da ni ke son mu duba kenan. Duk wanda ke wurin a daren nan, har da ni, tunaninsa kada babur ya faɗo. Babu wanda ya tambayi abin da zai sami mutumin da ke zaune a gaban babur ɗin. Ra'ayina, wanda zan kare a wannan rubutu, shi ne: babur kaya ne, a zaɓar masa motar kaya a ɗaure shi ɗaurin gaske, mai babur kuwa mutum ne, wurinsa kujerar motar fasinja. Haɗa su wuri guda a saman tirela ganganci ne da muka saba da shi har ya daina ba mu tsoro.

ME YA FITAR DA SU?

Kafin a zarge ni da zama a inuwa ina yi wa na rana faɗa, bari in amsa cewa babu wanda ke hawa saman tirela don marmari. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006. A Kano an hana goyo a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero. Duk garin da aka rufe, sai samari su kwashi baburansu su nufi wanda ke buɗe. Wasunku za su tuna ƙarshen watan Agustan 2019, lokacin da jami'an gwamnatin Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 'yan jihar Jigawa da babura 48. An bincike su ba a same su da komai ba, aka sake su. An yi ta muhawara a lokacin kan 'yancin ɗan ƙasa na zuwa duk inda ya so, kuma muhawarar tana kan hanya. Amma ban ji mutane da yawa sun tsaya sun tambayi yadda mutum 123 da babura 48 suka shiga mota ɗaya suka yi tafiyar da ta haura kilomita dubu ba.

Ita ma Legas ɗin ta rufe ƙofa. Ta taƙaita acaɓa a watan Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 ta hana shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba na shekarar. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Wannan bai tsayar da tafiyar ba, ya dai karkatar da ita zuwa bayan gari da jihohin maƙwabta. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, saman tirela ya ƙara farin jini. Tunda tafiyar ba za ta tsaya ba, abin da ya rage mana shi ne mu gyara yadda ake yin ta.

ABIN DA BIRKI KE YI WA KAYA

Ni ba direba ba ne. Difloma ce da ni a fannin injiniyancin inji daga kwalejin kimiyya da fasaha, kuma abin da zan faɗa a nan darasin shekarar farko ne. Duk abin da ke tafiya yana son ya ci gaba da tafiya har sai wani abu ya tsayar da shi. Wannan ita ce dokar farko ta Newton. Idan mota tana gudun kilomita 60 a awa, duk abin da ke cikinta gudun da yake yi kenan. Direba ya taka birki, tayoyi sun tsayar da mota, amma babur ɗin da ke sama ba shi da labari. Zai ci gaba da tafiya sai igiya ta riƙe shi, ko bodi ya tare shi, ko ƙafar wani.

Kilomita 60 a awa shi ne iyakar gudun da dokar hanya ta Najeriya ta yarda tirela ta yi a kan babban titi mai hannu biyu, kuma kowa ya san ana wuce hakan. To ko a wannan gudun, abin da ya daki abu tsayayye daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 14, wato kamar saman bene mai hawa huɗu.

A ƙasashen Turai akwai ƙa'idar ɗaure kaya a manyan motoci. Ta ce dole ɗaurin ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan idan suka tunkuɗo gaba, da kashi 50 cikin 100 idan suka yi gefe ko baya. Mu gwada da namu. Babur irin na 'yan acaɓa ya haura kilo 100. Mu ɗauka 120 don sauƙin lissafi. Kashi 80 na wannan shi ne kilo 96. Idan babura goma ne aka jingina da juna aka zagaye su da igiya ɗaya, ranar da aka taka birki na gaske wannan igiyar ce ake so ta riƙe kilo 960, kusan tan guda. Ku tuna igiyar ledar da na ce rana ta cinye.

ZAƁEN MOTA

Yawancinmu tambaya ɗaya muke yi a tasha: nawa ne? Ga waɗanda ya kamata su riga ta.

Da farko, me motar ta ɗauka? Tirelar hatsi da aka cika ba ta da inda za a kafa babur. Buhu yana motsi, yana lotsawa, duk ɗaurin da aka yi a kansa zai saki kafin a kai Kaduna. Kuma duk nauyin da aka ƙara a can sama yana sa mota saurin kifewa a kwana. Motar shanu daɓenta jiƙe yake da fitsari da kashi, santsi gare shi, ga dabba mai nauyi da ke iya faɗowa kan komai. Motar da ta ɗauki jarkokin mai ko tukwanen gas kuwa ba ma a maganarta. Abin da ya fi dacewa shi ne motar da ke da shimfiɗaɗɗen daɓe busasshe, da bango mai ƙarfi a bayan kan mota, da ƙarafa ko ƙugiyoyi a gefe inda za a ɗaura igiya. Kanta ko a-kori-kura da mutum biyar ko goma suka haɗa kuɗi suka ɗauka don babura kaɗai ta fi tirelar da aka ce "a ɗan raɓa maka" nesa ba kusa ba.

Na biyu, a zagaya motar a duba ta da rana. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu ne a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. A duba ko ta suɗe, ko ta tsage a gefe, ko ta yi ƙari. A duba fitilun baya, domin tafiyar dare ce mafi yawa. A duba daɓen, katakon da ya ruɓe ba ya riƙe ƙusa.

Na uku, direba. Shi kaɗai ne ko da mai karɓarsa? Yaushe ya iso, ya samu barci? Wace hanya zai bi, a ina zai kwana? Daga Zariya zuwa Legas ya haura kilomita 800, ba tafiyar da mutum ɗaya zai yi a zama ɗaya ba ce. Direban kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya harzuƙa don an tambaye shi, ya riga ya ba ka amsa.

Na huɗu, shaida. A yi lodi a tasha, a gaban shugabannin tasha, a karɓi takardar kaya mai ɗauke da lambar mota da sunan direba da lambar wayarsa da lambar inji da ta shasi na kowane babur. A ɗauki hoton babur ɗin ta kowane gefe kafin a ɗora shi. Asalin rasit da takardun babur su zauna a jikin mai shi, direba a ba shi kwafi saboda shingayen hanya. Lodin bakin titi da tsakar dare ta hannun ɗan kamashon da ba ka san gidansa ba, idan abu ya faru ba ka da wanda za ka riƙe.

ƊAURIN KANSA

Kafin a ɗora babur, a zuƙe man tankinsa a bar ɗan abin da zai kai shi gidan mai, a rufe makullin mai, a bar injin ya ƙone sauran da ke cikin kafireta har ya mutu da kansa. Tanki ɗaya yana cin wajen lita goma. Babura goma sha biyu cike da mai sun kai rabin duro kenan a saman mota. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya tsakanin kaya, tartsatsi ɗaya yake jira. A cire madubai, a cire wayar batir, a bar injin da salansa su huce.

Wajen ɗorawa a sa faffaɗan katako mai ƙwari, a ɗaure kansa da mota don kada ya zame, mutum uku su tura babur ɗin a kashe. Kada wani gwani ya ce zai hau da shi a kunne.

A tsaye ake ɗaure babur, yana kallon gaba. Kwantar da shi yana sa baƙin mai ya bi inda bai kamata ba, ruwan batir ya zube, tanki ya lotse. Tayar gaba ta tokari bangon gaba, a kafa guntayen katako biyu a gefenta da ɗaya a bayanta don kada ta juya ko ta ja baya. A sa shi a giya, a matse birkin hannu a naɗe shi da roba. Wannan ne kaɗai aikin da roba ta dace da shi a nan. Roba miƙewa take yi, abin da ke miƙewa kuwa ba ya tsayar da nauyi, sai dai ya bar shi ya tafi ya dawo.

Ɗauri huɗu kowane babur ke buƙata, nasa na kansa, ba na tarayya ba. Biyu a gaba, hagu da dama, daga saman ƙafafun gaba inda suka haɗu da wuyan babur, su sauka a karkace zuwa gaba da gefe. Biyu a baya, daga ƙarfen jikin babur ɗin, su ja baya da gefe. Kada a ɗaura a kan wayar birki ko ta kuloci ko wayoyin wuta, kada kuma a dogara da kariya ko ƙarshen hannun babur, domin suna lanƙwashewa. Inda igiya ta taɓa fenti ko kaifin ƙarfe a sa tsumma. A ɗame na gaba kaɗan-kaɗan, hagu sannan dama, har shokozoba ta nutse kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Idan ba a danne ta ba, duk ramin da aka faɗa babur zai yi tsalle igiya ta saki. Idan aka danne ta har ƙarshe, za ta iya fara yoyon mai. Bayan an ɗaure sai a ɗage ƙafar da ake kafe shi da ita, don kada ta huda daɓe ko ta karye.

Abin ɗaurin da ya fi shi ne bel ɗin kaya mai ƙarfen ɗamewa, irin wanda ake gani a motocin kamfanoni. Yawanci akwai ɗan ƙyalle a jikinsa da aka rubuta nauyin da yake iya riƙewa. In babu shi, a nemi sabuwar igiya mai kauri, a kuma nemi tsohon ɗan lodi ya yi irin ƙullin nan nasu da ake yin zobe a tsakiyar igiya, a zagayo da bakinta ta ƙarfen mota a dawo da shi ta cikin zoben a ja. Ƙullin yana ninka ƙarfin hannu, kuma masu shi suna nan a kowace tasha, tambayarsu ce ba a yi.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: kama babur ka girgiza shi da ƙarfi. Idan shi kaɗai ya motsa, ɗauri bai yi ba. Idan motar ce ta amsa, ya yi. Sannan a roƙi direba ya tsaya bayan tafiyar rabin awa a sake ɗamewa, domin a farkon tafiya kaya ke zama igiya ta yi sako-sako. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci a sake dubawa.

UZURORI UKU

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a gida.

Na farko kuɗi. Gaskiya ne, abin da ƙanena ya biya shi da babur ɗinsa a saman tirela bai kai abin da zai kashe ba da ya tura babur daban ya hau bas. Amma na zauna na yi lissafin abin da karayar ta ci: kuɗin dawo da shi, hoton ƙashi, magani, gyaran tanki da fitila, da kuɗin mako na wata uku da ya taru ba aiki. Ya ninka bambancin sau da yawa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Kuma mu mun yi sa'a, namu ya dawo da ransa. Wanda ba shi da kuɗin bas a yau, jinkirta tafiyar da mako biyu ya tara ya fi masa.

Na biyu amana. Yaro zai ce babur ɗin nan bashi ne, ba zan bari ya yi nisa da idona ba. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Maganinsa takardar kaya da shaidun tasha da na ambata, da kuma tafiya a ƙungiya. Idan ku goma ne, ku zaɓi mutum ɗaya mai hankali ya zauna a gaban mota kusa da direba, sauran ku bi bas ku tarye shi. Kowa yana da waya yanzu. Zaman da kake yi a saman kaya ma ba gadi ba ne, domin ranar da abu ya faru kai ne farkon wanda za a ɗauka.

Na uku ƙaddara. "Abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Haka ne, babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma tun muna makarantar allo aka ba mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Ban san wani misali da ya fi wannan dacewa da maganar igiya ba.

Akwai kuma haɗarin da ko ɗauri ya yi kyau ba ya kawar da shi. Wanda ke saman kaya ba shi da abin riƙewa idan barci ya ɗauke shi. Wayar lantarki da reshen bishiya suna iya share shi. Sanyin hunturu da ƙura suna dukansa kwana biyu. Idan motar ta kife, kayan da yake zaune a kai su ne za su rufe shi. Shi ya sa idan tirela ta faɗi ake jin adadin da ba a ji a haɗarin ƙaramar mota. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan haɗa mutane da dabbobi da kaya a mota ɗaya. Sai dai jami'in da ke kan titi yana ganin motar ne bayan ta riga ta tashi. Wanda zai iya hanawa tun daga tushe shi ne shugaban tasha, da uba, da wa irina da ya tsaya yana kallo.

Ita ma hukuma da nata. Layin dogon da ya haɗa Legas da Kano ya ratsa Zariya tun 1911, kakanninmu a jirgi suke aika kaya Kudu. Da jirgin kaya yana zirga-zirga yadda ya kamata, da rabin wannan magana ba ta taso ba. Sannan a nan Zariya Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya take, a hanyar Basawa. Ina ganin da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa za su nemi haɗin gwiwa da ita a shirya wa 'yan lodi bita ta yini ɗaya da Hausa, da an ga bambanci.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Yanzu na dawo gare mu. Ku duba labaran da muke sakawa a zauren nan. Sau nawa muke kashe tauraro ko mu nakasa shi da jimla ɗaya, "sai suka yi haɗari a hanya"? Wace mota ce, me ta ɗauka, ina yake zaune, me ya saki, duk ba mu sani ba, don ba mu taɓa zuwa mun duba ba. Muna iya cika shafi uku da kwatancen falon attajiri da ba mu taɓa shiga ba, amma tashar da ƙannenmu ke tashi daga cikinta ba ta samu sakin layi ɗaya ba.

Mu 'yan Zariya ya kamata abin ya fi damu. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai da Hausa kan lafiya da noma da sana'o'i, don mutumin da ya koyi karatu jiya ya samu abin da zai amfane shi yau. Waɗancan mutanen ba su ɗauki bayanin yadda ake yin abu a matsayin ƙasƙanci ga marubuci ba. Da ƙanena yana kwance na nemi rubutu guda da Hausa da ke bayanin yadda ake ɗaure babur a mota in ba abokansa, ban samu ba. Dalilin wannan dogon rubutu kenan.

Ga roƙona. A cikin makon nan kowa ya je tasha mafi kusa da shi, ya gaida mutane da ladabi, ya zauna awa ɗaya ya kalli lodi. Ya tambayi ɗan lodi sunan ƙullin da yake yi, ya tambayi direba abin da ya fi ba shi tsoro a hanya. Ya dawo ya rubuta shafi ɗaya, labari ne ko bayani, ya saka mana a ƙarƙashin wannan rubutu. Wanda ya fi kyau mu naɗe shi da murya mu tura a WhatsApp, domin da yawa daga cikin masu tafiyar sauraro ya fi musu sauƙi a kan karatu. Idan a cikinmu akwai direba ko makanike ko wanda ya taɓa yin tafiyar, ya gyara mini inda na yi kuskure, zan karɓa da hannu biyu.

Ƙanena ya warke, sai ɗan ɗingishi idan sanyi ya yi. Mai babur ya yi masa haƙuri ya ƙara masa lokaci, Allah Ya saka masa da alheri. Ya ce bayan an gama sussukar masara zai koma, kuma ban hana shi ba, don ba ni da aikin da zan ba shi a nan. Amma na sayi bel huɗu na ajiye a ƙarƙashin gadona, shi da abokansa shida sun fara tara kuɗin kanta, kuɗin bas ɗinsa kuwa na ce wa Inna a kaina yake.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo mana da su lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar neman halali. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.